Wata uku da manhajar koyon Turanci, duk saboda kalmar "had"

Aikina kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kaya, kuma duk abin da ya faru a yini sai na rubuta shi da Turanci kafin in tashi. Wata rana kwali biyu suka yi ɓatan dabo daga cikin lodi. A rahotona na rubuta: "When I opened the store, the driver left." Washegari manaja ya sa aka kira ni. Na tarar da takardar a gabansa, ya ja wa jimlar layi da jan biro.

"Malam, ashe ka iske direban? Me ya hana ka ƙirga kayan kafin ya tafi?"

"Wallahi, Yallaɓai, ko ƙeyarsa ban gani ba. Ko da na iso ya riga ya tafi."

"To ai ba haka ka rubuta ba."

Ya ɗauki biron ya cusa kalma ɗaya a tsakiya, jimlar ta koma "the driver had left". Ta farko tana nufin na buɗe sito sannan direba ya tafi, wato a kan idona. Ta biyu tana nufin tafiyarsa ta riga buɗewata. Haruffa uku ne suka tsaya tsakanina da biyan kuɗin kwalayen nan daga albashina. A daren na sauke wata manhajar koyon Turanci a wayata. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan kushe, ba na so a ce talla nake yi ko ɓatanci.

Da farko ta yi mini ɗan gwaji ta ajiye ni a matakin B1. Tana bin ma'aunin nan na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda aka fitar a 2001. A wannan hawan ne darasin da nake nema yake, abin da Turawa ke kira "past perfect". Ni dai na raɗa masa "lokacin riga", don duk inda ya fito, in ka juya shi Hausa, galibi sai ka ji "ya riga ya" ta zauna daram.

Ginin nasa ba wuya: "had", sai siga ta uku ta aikatau. Kuma "had" ɗin ba ta canzawa, ko ni ne, ko ita ce, ko su ne. Korewa "had not" ko "hadn't". Wahalar tana cikin aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa karɓar "-ed": "go, went, gone", "write, wrote, written", "take, took, taken". A nan manhajar ta burge ni. Duk kalmar da na kuskure sai ta ɓoye ta, ta dawo mini da ita bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Na shekara nawa ina rubuta "had went" ba tare da kowa ya ce mini uffan ba. Cikin kwana goma ta cire mini shi.

Abin da ya fi min amfani shi ne wani zanen layi da take yi a ƙasan kowace jimla. Ɗigo a dama shi ne yanzu, ɗigo a tsakiya shi ne abin da ya faru a baya, ɗigo na can hagu kuma shi ne wanda ya riga shi faruwa. Sai ka ja kowane aikatau da yatsa ka ɗora shi a mazauninsa. Wanda ya faɗa can hagu shi ke ɗaukar "had". Da na yi wannan sau ashirin ko fiye sai na gane dalilin da ya sa mu Hausawa muke tsallake shi. A wurinmu "ya tafi" ta wadatar. Tana iya zama "he went", tana iya zama "he has gone", tana iya zama "he had gone", sauran zancen ne ke nuna wanne ake nufi. Harshenmu ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. Shi kuwa Bature sai ya sa wa aikatau ɗin kansa alama. Manhajar ba ta gaya mini haka ba, don ba ta san Hausa ba ko kaɗan, duk bayaninta da Turanci ne. Ni na tsinto abina.

Yanzu ga inda ta ɓata mini rai. Da zarar ka shiga babin, sai ta mai da "had" gishirin kowace jimla. Na rubuta "After I locked the store, I went home", ta ba ni ja, wai sai "had locked". Alhali duka biyun daidai ne. Idan akwai "after" ko "before" a jimla, su da kansu sun nuna wanda ya riga wani, ba dole ne a ƙara "had" ba. Sakamakon haka na yi kusan mako biyu ina zuba ta ko'ina. Har "Yesterday I had checked the goods" na rubuta, babu wani abu na biyu da dubawar ta riga. Wannan kuskure ne, kuma manhajar ce ta koya mini shi a fakaice.

Sashen magana ma sai a hankali. Turawa kan taƙaita "he had" ta koma "he'd", kuma "he would" ma haka take komawa. Abin da ya biyo baya ne ke raba gardama: "he'd gone" na farko ne, "he'd go" na biyu. Darasin ya yi bayanin wannan da kyau, amma in na furta sai ta ce ba ta ji "d" ɗin ba. Na maimaita sau bakwai a wani dare har matata ta leƙo ta ce, "Maigida, da wa kake faɗa?" Daga ƙarshe na kashe sashen.

Wadda ta gyara ɓarnar ita ce malamar da ake haɗa ka da ita ta bidiyo sau ɗaya a mako. Na karanta mata wani rahotona mai "had" goma sha ɗaya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce in ba ta labarin da baki kamar yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe. Na bayar, ba "had" ko ɗaya. Ta ce to haka ake yi: muddin kana bin labari a jere, shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum ya isa. Sai za ka waiwaya baya ka ɗauko abin da ya faru kafin inda labarin yake, sannan kake buƙatarta. Muka bi rahoton tare, goma sha ɗaya suka koma biyu. Ita ce ma ta gaya mini tsohon sunan "past perfect" ɗin, wato "pluperfect", daga Latin, ma'ana wai "fiye da kammalalle". Sunan bai ƙare ni da komai ba, amma ya zauna mini a kai.

A zama na gaba ta kawo "If I had known, I would have come earlier", tana ta kewaye-kewaye don ta fahimtar da ni cewa ana faɗin haka ne kan abin da ya wuce kuma ba a iya komowa da shi. Na yi dariya na ce, "Malama, wannan kam muna da shi." Ai "da na sani da na zo da wuri" ce. "Da" ta farko ita ce "if I had", ta biyu ita ce "would have". Haka ma "I wish I had counted them", wato ina ma na ƙirga su. Darasin da aka ware wa mako guda, a zama ɗaya muka gama shi. Sai kuma kai rahoton maganar wani: direba ya ce "I have delivered everything", kai kuma ka rubuta "He said he had delivered everything". Wannan kusan kullum nake amfani da shi yanzu.

Ga wanda ya riga ya iya haɗa jimla kuma yana rubutu a wurin aiki, zan ce ya gwada, amma ya ɗauki tsarin da ke da malami, kada ya yarda da kowane jan da manhajar ta ba shi. Wanda bai yi nisa ba kuwa zai sha wuya, tunda ba mai yi masa bayani da harshensa. Ni na sabunta rajistata na wata ɗaya kawai, saboda "had been waiting" da 'yan'uwanta, waɗanda har yanzu sai na tsaya na zana layin nan a bayan takardar lodi kafin in rubuta su.