Filas mai Ventoy ko VirtualBox: amsa ga mai son gwada Linux kala-kala

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka gwada Linux kala-kala, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows. Tunda ka ce kwamfutarka HP ce mai RAM 4GB, kuma ba ka so a taɓa maka Windows, nemi filas ka sa mata Ventoy kawai, manhajar da ke ba ka damar tashin kwamfuta daga filas.

Tawa mai 32GB ce, tana maƙale da makullin mashin ɗina. Sau ɗaya ake girka mata Ventoy, daga nan sai ka riƙa jefa fayilolin ISO (fayil guda mai ɗauke da Linux ɗin gaba ɗaya) ciki kamar yadda kake tura karatu a waya. Ubuntu, Linux Mint, Fedora, duk suna zaune wuri guda. Kana kunna HP sai ka yi ta danna F9, ka zaɓi filas, sunayensu su jeru, ka shiga wanda ranka ke so. Muddin ba ka danna Install ba, kayanka na nan lafiya. A nan kuma za ka gane ko Wi-Fi da sautin kwamfutarka suna jituwa da Linux ɗin da ka zaɓa. Daren da kwamfutar ƙanwata ta ƙi tashi, saura kwana biyu ta miƙa furojet, da filas ɗin nan na hau mashin har Yelwa, na tashe ta da Mint, muka kwashe aikinta tas. Har gobe tana shi mini albarka.

VirtualBox, manhajar da ke kunna Linux a cikin taga kana cikin Windows, kyauta ce, tana kuma aiki, amma raba RAM take da Windows. A 4GB sai ka tsufa kafin taga ɗaya ta buɗe. Raba had-disk gida biyu kuwa, Windows gefe Linux gefe, na taɓa yi, na goge ɓangaren da hotunan aurena suke. Kar ka fara da shi.

Girka Ventoy yana share duk abin da ke filas, don haka kwashe kayanka tukuna. Kuma abin da ka yi a zaman gwaji, da ka kashe kwamfuta ya tafi. Ubuntu 24.04 ta kai kusan 6GB, ka ji da datarka.

Sai ka yi hattara da masu tallar filas a tashar mota. Za ka ga 128GB a rubuce da arha, cikinta ko takwas babu, ISO ya shiga ya lalace kana zargin Linux. Arha ba ta ado. Saya a shagon da za ka iya komawa, ka gwada ta a ranar da H2testw, manhajar da ke nuna ainihin girman filas.

Fara da Linux Mint, ita ta fi kama da Windows ɗin da ka saba.