Kwali, taga ko kumfar roba: wane mazubi ya dace da mai tara tsofaffin motocin wasa a Yamai?

Duk wanda ya fara tara ƙananan motocin ƙarfe na da, irin su Dinky, Matchbox, Corgi da Majorette, ba ya daɗewa sai ya gane cewa kuɗin da ake nema a hannunsa ba na motar kaɗai ba ne. Mota iri ɗaya, launi ɗaya, tana iya fitowa tsirara daga cikin kayan gwanjo a kasuwar Katako, ta kuma zo cikin kwalinta na asali a jakar ɗan'uwan da ya dawo daga Faransa, farashin biyun kuwa ko kusa bai haɗu ba. Dalilin a fili yake: yaron da aka saya wa motar shekaru sittin da suka wuce ya yage kwalin a ranar farko, saboda haka kwalayen da suka tsira sun fi motocin ƙaranci. Sai dai a ganina mai saye a Yamai yana da wata tambayar da ta riga ta farashi, wato ko mazubin da zai biya zai jure zafinmu da ƙurarmu, kuma ko yana da hanyar tabbatar da cewa na asali ne.

Rufaffen kwali mai zanen motar a jikinsa shi ne mafi tsufa, kuma shi na fi ba wa ƙarfi. Kamfanin Meccano na birnin Libaful a Ingila ya fara amfani da sunan Dinky a 1934, kuma da farko yawancin ƙananan motocin suna isa kanti ne shida-shida cikin kwali ɗaya, mai kanti yana ciro su yana sayarwa ɗai-ɗai. Sai a farkon shekarun 1950 kowace mota ta samu nata kwalin mai ruwan ɗorawa. Don haka idan aka kawo maka motar da aka ce ta riga Yaƙin Duniya na Biyu, amma tana cikin irin wannan kwalin, to haɗa su aka yi daga baya. A kan harshen wasu kwalayen Dinky akwai ɗan ɗigon launi da ke nuna fentin motar da ke ciki; in ɗigon kore ne motar kuma ja, an yi musanya. Masu tarawa a nan sun fi son Dinky ɗin Faransa, wanda aka ƙera a Bobigny kusa da Paris, domin a cikinsa ake samun Peugeot 404 da manyan motocin Berliet, waɗanda iyayenmu suka yi tafiya a cikinsu a kan hanyar Doso da Tawa.

Matchbox ta fito a 1953 daga kamfanin Lesney na Landan, cikin kwali mai kama da na ashana. Kwalayen shekarun farko suna ɗauke da sunan Moko, kamfanin da ke rarraba kayan, kafin sunan ya ɓace wajen ƙarshen shekarun 1950. Tarkon da sabon mai saye ke faɗawa a nan shi ne lamba. A wancan zamani jerin motocin ya tsaya ne daga 1 zuwa 75, kuma idan aka daina ƙera wata mota sai a ba wa sabuwa lambarta, saboda haka daidaituwar lambar kwali da ta ƙarƙashin mota ba ta isa hujja ba, dole zanen ma ya zama na motar. Haka kuma kwalin da aka rubuta wa Superfast ba ya wuce 1969 a tsufa, domin a shekarar ne aka sauya wa motocin ƙafafu masu gudu. Corgi kuwa, wadda ta fara a 1956, ta soma da kwali shuɗi zalla, daga baya ta koma shuɗi da ruwan ɗorawa.

Abin da ya sa rufaffen kwali ya fi dacewa da mu shi ne yana kare fenti daga rana, ana iya buɗe shi a duba motar ba tare da darajarsa ta faɗi ba, kuma zafi bai cika yi wa takarda illa ba. Abokan gabansa gara ne da kyankyaso da laimar damina, waɗanda duk ana iya tsare su.

Kwali mai taga, wanda ya yawaita daga ƙarshen shekarun 1960, yana da kyan gani a kan kanta, amma siririyar ledar tagar tana bushewa ta tsage, ƙurar hunturu ta shige ta kwanta a kan motar, gefen da ke fuskantar haske kuma ya koɗe ya bar ɗayan. Idan ledar ta yi sabunta fiye da kwalin, an sauya ta ne, kuma ya kamata hakan ya fito a ciniki.

Wanda na fi jan kunne a kansa shi ne kati mai kumfar roba, inda ake manne motar a jikin kwali da murfi mai garai-garai. Hot Wheels ta kamfanin Mattel na Amurka ta yi amfani da shi tun fitowarta a 1968, da ɗan bajon ƙarfe a gefen motar, kuma motocinta masu jan layi a taya, waɗanda aka yi har zuwa 1977, su ne aka fi nema. Darajar irin wannan mazubi duk ta rataya ne a kan abu ɗaya: ba a taɓa buɗe shi ba. To a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ya fi waje zafi, robar tana yin ruwan ɗorawa, ta yi ƙarfi ta tsage, gam ɗin ya saki, katin ya lanƙwashe. Wanda ya biya kuɗin abin da ba a buɗe ba yana iya wayar gari bayan bazara biyu da buɗaɗɗe a hannunsa, ba tare da ya taɓa shi ba. Ga kuma masu buɗewa su sake mannewa. A duba bakin kumfar da kyau, domin mannin masana'anta siriri ne kuma daidai yake a zagaye, na hannu kuwa yakan bar sheƙi ko tabo a kan zanen. In ba ka da ɗaki mai sanyi da wutar da za ka dogara da ita, ka bar wa wasu wannan nau'in.

Majorette, wadda Émile Véron ya kafa a 1961 a yankin Lyon, ita ce ta fi sauƙin samuwa a ƙasashen da suka yi hulɗa da Faransa, kuma tsofaffinta sukan zo cikin ɗan akwatin roba mai tauri da ake ganin ciki. Wannan yana hana ƙura sosai, sai dai yana karcewa, kuma in ya fashe ba ya gyaruwa. A juya motar a karanta ƙarƙashinta, domin daga ƙarshen shekarun 1980 aikin ya fara komawa Tailan, kuma motar Tailan ba ta da hurumi a cikin akwatin shekarun 1970.

Saura kwalin kwaikwayo, wanda ba laifi ba ne muddin an faɗa maka. Akwai masu buga sababbin kwalaye irin na da, akwai kuma motocin Dinky da kamfanin Atlas ya sake fitarwa daga 2008, ƙirar Sin, da kwali mai kama da na asali ƙwarai. Sunan Atlas yana nan a ƙarƙashin motar ga wanda ya duba. Tsohon kwali cikinsa ya yi duhu-duhu, harsunansa sun yi laushi da alamun buɗewa, yana kuma da warin tsohuwar takarda, sabo kuwa cikinsa fari ne fat, gefensa da kaifi. Kwalin shekarun 1960 ba ya ɗauke da layukan farashin da na'ura ke karantawa, ba ya kuma ɗauke da alamar CE, ta cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, wadda sai a 1990 ta fara hawa kan kayan wasa a Turai. Mota ta gari a cikin kwalin kwaikwayo, a farashin mota tsirara da ɗan ƙari kaɗan, saye ne mai kyau ga wanda jarinsa bai kai ba, kuma ya fi masa kwalin asali da gara ta riga ta cinye rabinsa.

Idan cinikin ta WhatsApp ne, ka nemi hoton fuskokin kwalin guda shida, da cikinsa, da ƙarƙashin motar, kafin ka tura ko jika ɗaya. Kada ka ɓare tsohuwar takardar farashin kanti, domin takan tafi da zanen, kuma kada a liƙe yagewa da salatif. In za a aiko da kayan a motar haya daga Tawa ko Maraɗi, a ciro motar a naɗe ta daban cikin takarda mai laushi, a cusa wata takardar a cikin kwalin don kada ya lotse. In sun iso, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe mai rufuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango, a jefa ƴan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sababbin takalma, a kuma riƙa buɗewa ana dubawa daga Yuni zuwa Satumba.