Numfashi ko matashin zobe, bayan aikin basir

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka tambaya wanne ya fi rage zafi bayan aikin basir, matashin zama mai rami a tsakiya ko numfashin da nas ta koya maka kafin sallama: ajiye kuɗinka, ka riƙe numfashin.

Ni tela ne a unguwar Aboabo ta Kumasi, wuni nake a zaune, don haka da aka yi mini aikin, matashin na fara aika yaro ya sayo mini a kasuwar Kejetia. Yana ɗage wurin daga kujera, ban musa ba. Amma ramin yana sa nauyin jiki ya buɗe ciwon, jini ya taru, sai ka tashi da kumburi. Da na koma duba ciwo likita ya ce in bar shi, filon gida mai laushi ya wadatar. Yanzu kyanwar shago ke kwana a kai.

Numfashin kuwa da farko raina shi na yi. Mutum an yanka shi a wuri irin wannan, a ce masa ya shaƙi iska? Sai ranar fita bayan gida ta farko ta zo. Kwana 2 ina ƙin cin abinci don tsoro, wanda kuskure ne, bayan gidan ƙara tauri yake. Na zauna gumi na zuba, maiɗakina tana bakin ƙofa riƙe da butar ruwan ɗumi tana ta jero mini sannu. Can na tuna. Na ɗora hannu a ciki, na ja iska ta hanci ina ƙirga 4, na sake ta ta baki a hankali ina ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi. Wajen karo na 5 na ji ƙasa ya saki da kansa. Ya yi zafi, ba zan yi maka ƙarya ba, amma zafin da mutum zai iya ɗauka.

Dalilin shi ne akwai tsoka a bakin dubura mai kama da zobe. Bayan aiki takan ɗame da kanta, kuma wannan ɗamewa ce ke kawo rabon zafin mai yawa. Tsoro ya zo, ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, sai ta ƙara ɗamewa kan ciwo. In iska na fita a hankali ba ka iya yunƙurin, tsokokin ƙasan ma sai su sassauta. Lura dai: ciki ne zai tashi, ba ƙirji ba. Ka sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafafu yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu. Kuma kada ka jira sai ka shiga bayi ka koya. Ni ina yi a kwance ta gefe, minti 5 bayan asuba, minti 5 bayan isha'i. In ka ji jiri, sauri kake yi, rage.

Numfashi bai maye gurbin magani ba. Sha abin da aka rubuta maka a kan lokaci, har da na laushin bayan gida. Ka haɗa da zama a baho na ruwan ɗumi, ba mai ƙona fata ba, minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana da kuma bayan kowace fita, ruwa zalla. A cikin bahon ma nake yin numfashin, nan ya fi daɗi. Ruwan sha da yawa, gwanda, lemu, kontomire (ganyen gwaza), miyar ayoyo. Waakye, wato shinkafa da wake, babu laifi, shiton ne, yajin barkonon nan, za ka yi wa haƙuri na 'yan makonni.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Masu maganin “kooko”, wato basir, a tasha da cikin motocin haya na trotro, da zarar sun ga irin zamanka sun gane ka. Kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da ciwon baya da raunin maza. Ko da lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki, kada ka shafa ko ka tura komai a ciwon da bai warke ba sai likitanka ya yarda. Haka masu miƙo tramadol a ɓoye, musamman mai miligiram 225 ɗin nan da doka ba ta amince da shi ba: yana busar da ciki, ya jefa ka cikin abin da kake gudu.

In jini ya yi yawa ko ya zo da gudaji, ko zazzaɓi ya kama ka, ko fitsari ya ƙi fita, wannan ba na numfashi ba ne, koma asibiti ko da tsakar dare. Matashin kuwa, in ranka ya biya, zo shago ka ɗauki nawa kyauta, sai dai ku daidaita da kyanwa.