Na sayi gona a Amurka, an hana ni sa mata fartanya

Shekara tara ina jan tirela a ƙasar nan, kuma duk tsawon lokacin buri ɗaya ke cina: in mallaki ƙasar noma. Duk wanda ya tashi a karkarar Gumel ya san ciwon. Bara ni da wani abokina mutumin Maraɗi muka haɗa guminmu muka sayi eka 20 a kudancin jihar Ayowa, wajen hekta 8 ke nan. Tudu ne mai gangara, ciyawa har ƙirji. Dillalin ya ce mana gonar tana cikin CRP, saura shekara shida, ya faɗa yana murmushi kamar mai ba mu gyara. Na gyaɗa kai. Na zaci irin haruffan nan ne da Bature ke liƙa wa komai. Ko da muka je ofishin noma na yankin sa hannu, matar da ke wurin ta yi ta bayani, ni kuwa zuciyata tana can tana jera kunyoyin yakuwa da kuɓewa da wake, da garken ragunan da zan sayar wa Musulmin Des Moines, babban birnin jihar, lokacin layya.

Cikin watan Yuni na yi hayar tarakta mai yankan ciyawa na shiga. Ban yi zagaye uku ba sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo, ya taho a akori-kura yana ɗaga mini hula. Na ɗauka barka da aiki ya zo yi. Ya ce, "Ɗana, kashe injin." Ya ja ni cikin layin da na yanke, ya sa ƙafa ya buɗe ciyawar, sai ga sheƙa da ƙwai a farfashe, na wani tsuntsu mai kama da zabo amma doguwar jela gare shi. Bai ɗaga murya ba. Tambayata kawai ya yi ko na karanta abin da na sa wa hannu. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni da na riƙe fartanya tun ban kai tsawon ƙotarta ba, ga ni tsaye ana koya mini gona.

Washegari na koma ofishin da ƙafata, wannan karon da kunnuwana. Ashe CRP ɗin nan shiri ne na hutar da gona, tun 1985 yake, zamanin Shugaba Reagan. Ma'aikatar Noma ta tarayya ce ke karɓar hayar gonar da ruwa ko iska ke saurin kwashe ƙasarta, shekara 10 zuwa 15. Ba nomawa za ta yi ba, so take a shuka ciyawa ko itatuwa a bar ta ta huta. Duk Oktoba a biya ka kuɗin haya, kuma ta ɗauki har rabin kuɗin shuka ciyawar. A 2007 gonakin da ke cikin shirin sun haura eka miliyan 36. Mutanen nan sun taɓa ganin bala'i ne: a shekarun 1930 sun kafce filayen tsakiyar ƙasar har fari ya zo iska ta ɗebe ƙasar, ƙura ta riƙa mai da rana dare, dubban manoma suka yi ƙaura. Har yau ba su manta ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Yarjejeniyar ba ta mutuwa don gona ta sauya hannu. Sabon mai gona yana da kwana 60 ya karɓe ta, in bai karɓa ba a bi wanda ya sayar a ce ya dawo da kuɗi, shi ya sa mai sayarwa ya cusa sharaɗin a takardar cinikinmu. Mu kuma da muka karɓa, in muka ce yau noma za mu yi, sai mun mayar da duk abin da aka biya tun farko, har wanda tsohon mai gonar ya ci, da kuɗin ruwa a kai, da tarar kashi 25 cikin ɗari na hayar shekara. Daga 15 ga Mayu zuwa 1 ga Agusta kuwa lokacin ƙyanƙyasar tsuntsaye ne a Ayowa, ko muguwar ciyawa za ka sare sai ka nemi izini. Kwamitin da ya duba laifina manoma ne 'yan'uwansu suka zaɓa. Sun yarda rashin sani ne, suka zaftare wani abu daga kuɗin shekarar, magana ta ƙare. Ba wanda ya ce in gan shi a bayan ofis. Har na tsaya jim a bakin ƙofa, al'ada ta hana ni tafiya.

Kada ku ɗauka zama kawai ake yi ana karɓar kuɗi. Takarda ta ishe ni. Akwai wata ƙaya mai furen shuɗi-shuɗi da doka ta ce sai ka kashe, ga 'ya'yan itatuwa masu tsirowa da kansu su ma sai ka cire. A tsakiyar wa'adin kuma sai an sabunta ciyawar, mu ƙonawa aka rubuta mana: a tsara a takarda, a share iyaka, a duba inda iska ta dosa, a sanar da 'yan kwana-kwana. Na tuna yadda muke cinna wa daji wuta da rani saboda gafiya ɗaya, wuta ta ci karan mutane ta ci rumbu, a ce tsautsayi ne.

Da na kira Kawu na ba shi labari sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, gwamnati ce ke biyanka ka bar gona saura? Ko dai ka daina sallah ne ka fara ƙarya?" Na yi dariya, amma kalmar saura ta tsaya mini a rai. Yaushe rabon da in ji ta? Muna yara Kaka na barin gona shekaru ta huta, Fulani su sauka su bar mata taki. Yanzu gado ya yayyanka gonakin, an nome saura, an nome burtali, bayan girbi a kwashe kara da harawa tas a bar ƙasa tsirara wa iskar hunturu. Sannan mu taru muna zagin tsadar takin zamani. Na san talauci ne, mai hekta ɗaya da baki goma ba shi da abin hutarwa. Amma masu manyan gonakin fa? Kuma mu faɗi gaskiya, da za a kawo wannan shiri gida, rabin gonakin da za a biya a takarda kaɗai suke, ɗaya rabin kuma an karɓi kuɗin an shuka riɗi.

Da na kawo wa abokina wannan maganar bai bar ni na gama faɗan ba. Ya ce a Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 manoma ke barin kututturen gawo da kalgo su sake tofowa a cikin gero, har ƙasa ta farfaɗo a miliyoyin hekta, ba wanda ke biyansu haya duk Oktoba. Ban da amsa. Na dai ce masa su ko ba komai suna cin gonarsu.

Da kaka wasu maharba suka zo neman izinin farautar barewa da tsuntsun nan, su biya, wannan bai saɓa yarjejeniya ba. Abokina ya karɓa. Ni na zauna a bayan mota ina kallon ciyawar tana kaɗawa ja-ja-ja kamar gamba a hanyar Maigatari, layin da na yanke har ya rufe. Yakuwata tana cikin bokitai bakwai a barandar gidan haya, sanyi ya kashe biyu.