Buhun PICS ya tsare mini irin wake, amma ku duba ledar kafin ku biya

Duk shekara idan watan Mayu ya kama nakan buɗe ƴar magazar da ke bakin lambuna, can wajen Tarna, in fito da komai waje kafin ruwa ya sauka. Sungumi da hauya da galma a jera su, wadda gara ta ci wa ƙota a sake mata, a kankare bango, a hau sama a toshe inda kwano ke yoyo. Wannan duk aikin yini guda ne. Abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne buhun iri. Wanda ya taɓa ajiye wake daga kaka zuwa bazara ya san zancen: ka kwance baki ƙwari su taso maka, ka sa hannu ka ɗebo gari.

Bara bayan girbi na sayi buhun PICS, mai hawa ukun nan, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ban sa ƙwayar magani ko ɗaya ba. Na shanya waken, irin da ake kira TN5-78 ne, ya bushe ƙayau, na zuba, na matse iska, na ɗaure kowace leda dabam. Dabarar ke nan, ƙwaron da ya shigo tun daga gona iska ke ƙare masa ya mutu. Daga Jami'ar Purdue ta Amurka abin ya fito tun 2007, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi sun yi aiki a kansa.

Wallahi da na kwance buhu na farko sai da na kira maƙwabcin lambuna ya zo ya gani. Wake fes, kamar jiya aka sussuke shi, ba huda ba wari. Na ɗebi kaɗan na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kusan duka suka tsiro. Da a nan zancen ya tsaya, da na ce kowa ya tafi ya saya ido rufe.

To amma buhu na uku cikin waɗanda na saya ya ƙona mini rai. Shi a kasuwa na ƙara saye wajen wani mai kanti, kuɗi ɗaya da na farkon, ya yi ta rantsuwa na asali ne. Ledarsa sirara ce, kuma gindinta a buɗe wajen haɗi. Tiya nawa na iri ke ciki, yanzu sai dai a ba tumaki. Da na koma masa da buhun a hannu, cewa ya yi wai kusu ne. Wane kusu? Buhunan duka a kan katako suke, nesa da bango, na wajen ko ƙwarzane babu. Ko haƙuri bai ba ni ba, ballantana ya mayar da kuɗi, ga shibka ta ƙarato, irin kasuwa kuma kun san yadda yake tsada a wannan lokaci.

Kuɗin buhun ma ba kaɗan ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai idan leda ba ta huje ba ana sake amfani da ita wata shekarar. Zan ƙara saye bana, amma ba a kantin nan ba, kuma kowace leda sai na cika ta da iska na matsa a gaban mai sayarwa kafin in miƙa kuɗi.