LibreOffice Calc: a nan nake ajiye dokokin da kwamfuta ta ƙirƙiro min

Aikina haɗa wata ƙaramar manhaja da ke yi wa mai kiwon kaji tambayoyi, sannan ta faɗa masa cutar da ake zato, kamar yadda likitan dabbobi zai yi. Dokokin da take aiki da su ba ni na rubuta su ba. Tsofaffin bayanan asibitin dabbobi na zuba wa Weka, manhajar nan mai koyo daga bayanai ta Jami'ar Waikato da ke New Zealand, na sa dabarar PART ta fitar da su. Kowace doka haka take: idan shekarun kaza kaza ne, kuma alama kaza ta bayyana, to cuta kaza ce. A ƙarshenta akwai lambobi biyu, adadin bayanan da dokar ta shafa da adadin waɗanda ta yi kuskure a kansu.

Da na kai wa likitan da muke aiki tare, kallo ɗaya ya yi wa rubutun ya ce, "Malam, wannan ai sai ku masu kwamfuta." Gaskiyarsa. Shi ya sa na koma Calc, manhajar jadawali ta LibreOffice.

Kowace doka layi guda na ba ta. Kowane sharaɗi da ginshiƙinsa: makonnin kaza, launin kashi, numfashi, rigakafi. Sai cutar, sai lambobin nan biyu, sai ginshiƙin ƙarshe inda likita ke zaɓar "na yarda", "gyara" ko "soke". Ranar da ya zauna da jadawalin, bai nemi bayanina ba. Ya tace dokokin cutar gumboro su kaɗai, ya karanta, ya soke wadda ta ɗora cutar a kan irin abincin da ake ba kajin. Kwamfuta ta ga abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai, shi kuwa ya san dalili. Calc yana iya riƙe tarihin kowane gyara idan ka kunna masa, don haka na san abin da ya taɓa.

Abin da ya fi burge ni shi ne akwatin da ke fitowa idan ka buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka ajiye a rubutu zalla, waƙafi na raba ginshiƙansa. Kafin komai ya shiga, zai ba ka dama ka ce wannan ginshiƙin rubutu ne zalla, kada a taɓa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gumboro ta fi kama kaji 'yan mako 3 zuwa 6, kuma "3-6" irin rubutun da manhajojin jadawali ke mayarwa kwanan wata ne. Masana ƙwayoyin halitta sun sha wannan wahala da Excel, har aka sauya sunan wata ƙwayar halitta daga MARCH1 zuwa MARCHF1 saboda yana komawa 1 ga Maris.

Calc kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, kuma yana ɗaukar layi 1,048,576. Dokokina ko kusa ba su kai ba.

Amma ka kiyayi abu guda, kuma wannan halin kowane jadawali ne. Dokokin PART jere suke: ta farko da ta dace ita ke yanke hukunci, sauran su yi shiru. Jadawali bai san da haka ba. Da zarar wani ya sake jera layukan bisa sunan cuta, manhajata za ta fara ba da wata amsa daban, ba tare da ko harafi ɗaya ya canza ba. Don haka ginshiƙina na farko lambar jeri ce, na kulle shi, kuma da ita manhajar ke karantawa. Haka nan jadawali ba zai gaya maka doka ta 12 ta ci karo da ta 40 ba. Wannan sai idonka ko ɗan shirin da ka rubuta.

Duk sa'ad da na sake gudanar da Weka, sabon shafi nake buɗewa da kwanan watan ranar, in bar wanda likita ya duba yadda yake.