Blue Letter Bible: Manhaja Ga Mai Neman Asalin Kalmar "Dikin"

Duk wanda aka ba shi aikin koyarwa kafin zaɓen dikinoni a ikilisiya, wannan manhaja ta nazarin Littafi Mai Tsarki za ta rage masa wahala. Kyauta ce, akwai ta a waya da intanet.

Ka buɗe 1 Timoti 3:8, ka taɓa ayar, ka zaɓi Interlinear, wato sashen da ke nuna kalmomin asali na ayar ɗaya bayan ɗaya. Kalmar Helenanci za ta fito: diakonos, lamba G1249 a tsarin Strong na 1890, wanda ya ba kalmomin asali na Littafi Mai Tsarki lambobi. Ma'anarta mai hidima, mai yi wa wani aiki. Daga nan ta shiga Latin, ta bi ta Turanci, ta iso bakinmu a matsayin "dikin".

Amfaninta mafi girma shi ne jerin duk ayoyin da kalmar ta fito. A Yahaya 2:5, barorin da suka cika tuluna shida da ruwa a bikin Kana, su ma diakonos ne. Haka Bulus ya kira Fibi a Romawa 16:1. A Filibiyawa 1:1 kuwa ta zama muƙami, an ambace ta tare da episkopos, tushen "bishop". Sai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: Ayyukan Manzanni 6 bai kira mutum bakwai ɗin nan da aka zaɓa don hidimar rabon abinci da wannan suna ba, 'yar'uwar kalmar, diakonia (hidima), ce ta fito.

Inda ake tuntuɓe shi ne a kwashe ma'anonin duka a ɗora wa aya guda. Mahallin ayar ne ke nuna ko bara ake nufi ko mai muƙami, manhajar ba za ta yanke maka wannan ba. Bayananta kuma da Turanci suke, don haka ka ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa a gefe kana kwatantawa.